Gogen Turawa a Zauren Baba

Masu turo mani saƙo kuna cewa Hajiya Suwaiba ta cika jan rai, duk na gani, kuma na yafe maku. Yau dai zan gaya maku yadda kaset guda ɗaya tal ya kusa raba ni da Lawwali.

Wanda yau ya fara karantawa kar ya damu, ga ni. Sunana Suwaibatu, ɗiyar Malam Inusa na'ibin limamin unguwarmu a Tafoki. Abin ya faru ne shekarar da ta biyo bayan ƙarin albashin Udoji, lokacin da kowane ma'aikacin gwamnati ya sayi babur, wanda bai iya hawa ba ma ya saya ya jingine a zaure. Ina da shekara ashirin da ɗaya, ina koyar da aji uku a firamaren garinmu. Innata ta rasu tun ina kwalejin horon malamai, saboda haka gidan mu uku ne, ni da Baba da ƙanwarshi Gwaggo Barakatu.

Shi kuwa Lawwali ɗan Ƙanƙara ne, malamin gona, an turo shi Damari yana koya wa manoma zuba takin zamani. Ya yi shekara guda a Turai wajen kwas. Baba ya ba shi izinin zance, amma wata bakwai cur bai ce mashi ya turo magabatanshi ba. Kullum sai dai ya ce, “Ina duba yaron tukuna.” Ni kuwa na riga na gama dubawa tun ranar farko, ina son shi, ba wani ɓoye-ɓoye.

Wata Asabar bayan la'asar na ji kukan babur ɗinshi. Na ɗaura atamfata mai ruwan goro, na kafa ɗaurin ɗankwali, na zizara kwalli, na shafa turaren bintu sudan har Gwaggo ta yi atishawa ta ce ko kanti zan buɗe. Na same shi a gindin dalbejiyar ƙofar gida, da wandonshi mai faɗin ƙafa wanda ke share ƙasa, gashi an taje ya tashi sama. A kan tabarma ga wata baƙar rikoda mai hannu, sabuwa fil.

“Malama Suwaiba, yau na kawo maki abin da na fi so a duniya.”

Na sunkuyar da kai ina murmushi. A raina na ce ai ni ce abin da ka fi so a duniya, amma bari mu gani.

Ya danna. Wani sauti ya fito siriri, a hankali, sai wani ya bi bayanshi, sai suka yi yawa. Na gyara zama ina jira. Na jira, na jira. Da na ga abin ba shi da niyya na ce, “To yaushe mawaƙin zai fara?”

“Babu mawaƙi.”

“'Yan amshi fa?”

“Babu.”

“To wa ake ma kiɗan?”

“Ba kowa. Na saurare ne kawai.”

Jama'a, ku taya ni ji. Mu da muka tashi mun san kiɗan noma na manoma ne, kalangu na mahauta, na biki na amarya, kowane kiɗa da mai shi. Wannan kuwa kiɗa ne maraya. Amma da na ɗago na ga fuskar Lawwali, ya lumshe ido, yana ba ni labarin yadda kewar gida ta kusa kashe shi a Turai, sai tsohuwar da yake haya a gidanta ta ja shi wani babban ɗaki inda mutane suka zauna tsit suna sauraren wannan abin, daga ranar ya fara samun barci, sai na kasa gaya mashi gaskiya.

“Kin ji daɗinshi?”

“Ƙwarai kuwa,” in ji ni. Allah ya yafe mani, ƙarya na shirga.

Don murna ya ce in riƙe rikodar da kaset ɗin har sati mai zuwa. Da na shiga ɗaki na buɗe gidan kaset sai ga 'yar takarda a ninke, da rubutunshi mai kwanciya gefe guda:

“Zuwa ga Malama S. Kada ki ji shi duka lokaci guda, zai gundure ki. Ki ji farkon kaɗan, ki mayar baya, ki sake, har sau uku. Kada ki nemi ma'ana. In kin yi barci ba laifi, ni ma na yi. Naki, L.”

Ai kuwa na yi barcin. Ranar Lahadi na yi, Litinin na dawo daga makaranta na kunna ƙasa-ƙasa na sake yi, har da minshari in ji Gwaggo. Abin ya fara damuna. Mutumin da zan aura, in Allah ya yarda, ga abin da ke cikin zuciyarshi, ni kuwa in na ji shi sai hamma. Na ce anya zaman zai yiwu, shi yana lumshe ido ni ina gyangyaɗi?

Ranar Laraba maƙwabtanmu suna shirin suna, mata uku suka hau dakan fura. Ina zaune ina duba littattafan yara, rikoda na ta abinta a gefena, sai lugude ya tashi ta bayan danga. Na ajiye jan biro. Inna ce ta faɗo mani a rai, ranar da ta fara koya mani lugude ina 'yar shekara tara. Na tsaya da 'yar taɓaryata na rasa inda zan shiga, ta ce, “Ke, kar ki saurari turmin duka, kanki zai juya. Kama taɓarya guda ki bi ta. In kin san inda take sauka, sauran za su ba ki wuri.”

Na dubi rikodar. Na mayar da kaset baya.

Na kama siririn sautin nan na farko na ce yau duk inda za ka sai na bi ka. Ya hau, ya sauko, ya ɓuya a bayan 'yan'uwanshi, na ƙi sakin shi. Can sai na ji na biyu ya amsa mashi, ashe magana suke yi. Ana cikin haka wani mai kauri ya shigo daga ƙasa, a makare, bai yi sauri ba, amma yana shigowa duk sauran suka daidaita a kanshi. Tsigar jikina ta tashi. Haka Inna take shiga lugude. Ita ce ta ƙarshe kullum, da babbar taɓaryarta, sai ta bari 'yan mata sun gama rawar kansu sannan ta sauke tata, daga nan daka ya zauna.

Na mayar baya ya fi sau goma. Ban san na ƙara murya ba, ban san na rufe ido ina kaɗa kai ba, ban san hawaye na zuba ba. Ban kuma ji Gwaggo tana kirana ba, wai har sau uku.

Abin da na ji kawai shi ne ruwa mai sanyi a fuskata.

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Sun hau ta! Malam! Malam, fito, sun hau Suwaiba!”

Na buɗe ido na ga Gwaggo da buta a hannu, ɗankwalinta ya zame, tana tofa mani addu'a tana ja da baya.

“Gwaggo lafiya? Su wa?”

“Kar ki matso! Da wa nake magana? Ke ce ko su ne?”

Yaran yanzu ba za ku gane ba, bari in yi maku bayani. A wajenmu a lokacin, in ka ji goge to ɗayan biyu ne, ko 'yan bori na wasa ko ana shan giya. Goge shi ke kiran iskoki su hau mutum. Abin da ke cikin kaset ɗin nan kuwa, ko kurma ya ji ya san 'yan'uwan goge ne ake ja. Ga goge, ga budurwa ido rufe tana kaɗa kai tana kuka, an kira ta ba ta amsa ba. Ku gaya mani, in ku ne Gwaggo me za ku ce?

Baba ya shigo da carbi a hannu. Bai yi faɗa ba, shi dama ba ya faɗa, kuma wannan ya fi ban tsoro. Ya tsaya ya saurara kaɗan.

“Kashe.”

Na kashe.

“Wa ya kawo wanga abu gidana?”

“Lawwali ne, Baba. Amma wallahi kiɗan Turawa ne, ba...”

“Goge dai na ji. Goge a gidan na'ibi.” Ya miƙo hannu na ba shi rikodar, ya riƙe ta nesa da rigarshi. “Ki aika mashi shi zo ran Asabar da hantsi. In ta tabbata kiɗan bori ya kawo ma ɗiyata, ƙafarshi ba ta sake taka ƙofar gidan ga.”

Kwana ukun nan ban ga ta zama ba. Gwaggo ta turara ni da hayaƙi safe da yamma har ɗalibaina suka fara tambaya ko gobara aka yi gidanmu. In na yi atishawa sai ta zabura. In na yi shiru ta ce, “Ga shi nan, sun dawo.” Na rubuta ma Lawwali takarda na ba direban motar da ke bi ta Damari: “Ka zo Asabar. Ka sa babbar riga da hula. Don girman Allah ka bar wandon nan a gida.”

Abu guda zan faɗa game da Baba, ba ya yanke hukunci a kan abin da bai sani ba. Ya ce shi bai taɓa zama wajen bori ba balle ya san kiɗansu, saboda haka zai kira wanda ya sani. Wanda ya sani kuwa shi ne Baba Ɗanhausa, Bamaguje, maƙwabcinshi na gona tun suna samari. Shekara arba'in yana ja ma 'yan bori goge, daga Ruwan Godiya har Faskari ba wanda bai san shi ba. Ba sa sallah tare, amma in ɗaya ya yi gayya ɗayan ne ke fara zuwa da fartanya.

Asabar da hantsi zaure ya cika. Baba a kan buzu. Baba Ɗanhausa a gefenshi, dogo, siriri, yana ta cin goro. Lawwali a durƙushe cikin babbar riga wadda daga gani aro ce, an cusa gashin nan cikin hula da ƙyar, zufa na bin wuyanshi. Ni ina rakuɓe a bakin ƙofar cikin gida. Gwaggo tana bayana ta riƙe mani zane, wai in suka taso ta danne ni.

“Ɗanhausa,” in ji Baba, “amana na ba ka. Abin da ka ji shi za ka faɗa.”

“Malam, in na ji nasu ne, ko ɗanka ne sai na faɗa. Yaro, buɗe muna.”

Lawwali ya danna.

Baba Ɗanhausa ya daina tauna. Ya karkata kai, ya kafa kunne. Ni kuwa na san duk aurena yana bakin tsohon nan. Aka ɗauki lokaci. Ya ɗaga hannu.

“Mai da shi baya.”

Aka mayar. Ya sake ji. Yatsunshi na hagu suna motsi a kan gwiwa.

“Ƙara mai da shi.”

Gwaggo ta raɗa mani, “Kin gani ko? Ya gane su.”

Sai da aka yi sau uku sannan ya tofar da goro waje ya share baki.

“Malam, kowane iska da takenshi. Ba wanda ke sauka sai an kira shi da nashi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, manya da ƙanana, na gida da na daji, babu taken kowa a nan. Wanga kiɗa ko kwana bakwai aka yi ana yin shi, ko akuya ba ta faɗuwa.”

Na saki numfashi. Gwaggo ta ce, “To in na Turawa ne fa? Iskokin Turawa?”

“Barakatu, in suna da su, can suka baro su. Ba su san hanyar Tafoki ba.” Ya juya wajen Lawwali, idonshi na ƙyalli. “Kai yaro, mutum nawa ke jan abin ga?”

“Sun kai talatin, Baba.”

“Talatin! Baki guda?” Ya tafa hannu. “Kai! Ni da ƙanena mu biyu rak, in muka zauna ja sai an raba mu faɗa. Kuma akwai wani babba a ciki mai muryar sa, wannan ƙoƙonshi zai kai masaki.”

“Ya fi, Baba. A ƙasa ake kafa shi, a rungume.”

Baba Ɗanhausa ya riƙe baki. Lawwali ya fara murmushi, ni ma na fara gode ma Allah a raina. Ashe da sauran aiki.

“Na ji,” in ji Baba. “Ba bori ba ne, na gode Ɗanhausa. Amma ni yanzu abin ya fi ɗaure mani kai. Kiɗan da bai ambaci Allah ba, bai kira mutum ba, bai kira iska ba, mi ya sa ɗiyata kuka? In ba iska ya taɓa ta ba, to wani abu ya taɓa ta, kuma ina son in san ko mi ne. Suwaiba, matso.”

Na matso na durƙusa. Na dubi Lawwali, na san abin da zan faɗa zai sosa mashi rai, amma a gaban Baba ba a kwana-kwana.

“Baba, ranar farko ban ji komai ba. Na ce mashi na ji daɗi, ƙarya na yi. Kwana uku ina kunnawa ina barci.”

Baba Ɗanhausa ya fashe da dariya. Lawwali ya sunkuyar da kai, kunnuwanshi kamar za su faɗo.

“Sai ran Laraba na tuna yadda Inna ta koya mani lugude. Ta ce in kama taɓarya guda in bi ta. Na gwada a nan, sai ya buɗe mani. Baba, in ka yarda in nuna maka.”

Bai hana ni ba. Na jawo rikodar na mayar baya da kaina.

“Ka ji wannan siririn? Shi za ka riƙe, kar ka kula sauran. Ka ji ya hau... ga na biyu ya amsa mashi... 'yan mata ne, suna ta gaggawa. Jira. Jira, Baba. Saura kaɗan.”

Mai kaurin nan ya shigo, a makare, a natse, duk sauran suka kwanta a kanshi.

“Ga Inna nan,” na ce.

Gwaggo ta saki zanena. Na ji ta ce a hankali, “Allah ya jiƙan Adama. Haka take, sai kowa ya gaji sannan ta shigo.” Baba Ɗanhausa ya gyaɗa kai ya ce daga gonarshi yana gane taɓaryarta.

Na dubi Baba. Carbin da yake ja ya tsaya a yatsa guda. Yana kallon ƙasa har wurin ya wuce. Shekara huɗu da rasuwar Inna ban taɓa jin ya ambaci sunanta ba sai a addu'a, kuma ya ƙi ƙara aure duk da surutun dangi. Ranar na ga gemunshi na rawa, tausayinshi ya kama ni har na manta da nawa.

Ya miƙa hannu ya lalubi maɓallin, ya kashe da kanshi.

“Azahar ta gabato. Ku tashi.”

Lawwali ya ɗago. “Baba, to maganar...”

“Na ce azahar ta gabato.”

Lawwali ya tashi jiki a sanyaye, ya kai hannu zai ɗauki rikodarshi. Baba ya dafe ta.

“Wannan ta zauna nan. Ban gama bincike ba.”

Na raka Lawwali gindin babur. Ya cire hular, gashin ya baje. Ya ce, “Ashe barci kika yi.” Na ce, “Kai ka rubuta ba laifi.” Ya yi dariya, amma ta iya baki ce. Ya ce shi shekara biyu yana jin kaset ɗin nan bai taɓa jin lugude a ciki ba, yanzu kuma ba zai iya jin shi babu lugude ba. Sannan ya tambaye ni ko Baba ya kore shi ne ko bai kore shi ba. Na ce wallahi ni ma ban sani ba.

Lahadi shiru. Litinin shiru. Baba na fita masallaci, ya je gona, ya dawo ya shige zaure ya turo ƙyaure, abin da ba ya yi da rana. Na kasa cin abinci. Gwaggo da ta daina yi mani hayaƙi ta koma lallashina da fura, tana cewa ai ita tun farko ta san yaron kirki ne. Gwaggo ke nan.

Ran Talata na dawo daga makaranta, ko alli ban wanke daga hannuna ba, na ji muryarshi.

“Suwaiba!”

“Na'am, Baba.”

Na shiga zaure na durƙusa. Rikodar na gabanshi a kan buzu, an lulluɓe ta da rawaninshi saboda ƙura. Ya ɗaure fuska tamau, ya ƙi kallona.

“Abin ga ya kai ƙarshe ya tsaya. Na ga kamar akwai wani a bayanshi. Ya ake juya shi?”

Na cije leɓe don kar dariya ta kuɓuce mani. Na fiddo kaset na juya na mayar na danna. Sautin ya fito yana ja, yana lanƙwasa, kamar mai jin yunwa.

Baba ya zabura. “Mi ya same ta? Ba haka take ba jiya.”

“Batir ne ya yi sanyi, Baba. Ai da ƙarfinshi ran Asabar, sai in an yi ta kunnawa.”

Ya yi gyaran murya. Ya gyara zaman hularshi. Ya ɗauki carbi ya ajiye.

“To,” ya ce, yana kallon bango. “Ki rubuta ma yaron nan. In magabatanshi za su taho ran Juma'a, su taho da batir.”